Batirin da Ya Ci Shanun Huɗa

Ku janye mini wannan kwalin daga rana tukuna, sannan mu yi magana. Tun ɗazu nake kallonku kun zube ƙwayoyin batirin kwamfuta a kan benci kamar masu tallan rogo, wannan yana gwadawa, wancan yana liƙa waya, wai kuna haɗa wa mai sola batir. Na kuma ji abin da ɗayanku ya ce, wai aikin batir ba wani abu ba ne, jar waya da baƙa ce kawai, in ka kalla a waya sau biyu ka iya. To, madalla. Ni na haura shekara arba'in ina shaƙar ruwan batir, ba ni da riga ɗaya da ba ta huje ba, kuma har gobe ban ce na iya ba. Na gaji da magana, wallahi, amma tunda a inuwata kuka zauna sai kun ji.

Batirin farko da na buɗe na wata tsohuwar motar ɗaukar auduga ne, a rumfar maigidana Baba Lasisi, wani Bayarabe da ya tsufa a nan Gusau har Hausarsa ta fi tawa. Shekara biyu na yi a wurinsa ban ga cikin batir ba, sai ɗauka da ajiyewa da hura gawayi. Ranar da ya ga dama, ya miƙo mini wuƙa mai zafi ya ce in yanke kwaltar da ta rufe saman. Na yanke, muka zaro cikin ɗaki ɗaya daga cikin shida, yana ɗigar ruwa. Ya ce, "Sahabi, buɗe idonka. Batir abu uku ne: jan faranti, farin faranti, da ruwa a tsakaninsu. Sai takardar da ke hana su taɓa juna. Duk duniya babu batirin da ya wuce haka." Na riƙe maganar nan kamar karatun allo.

Faranti ba farantin cin tuwo ba ne, kada ku yi mini dariya. Raga ce ta dalma, an cika ramukanta da wani ƙulli, ya bushe ya kama. A cikin ƙullin nan wutar take zama. Jan yana da launin busasshen goro, farin kuwa toka-toka ne. In ƙullin ya fara zuba ya taru a gindin akwati, sai ya haɗa ja da fari, ɗakin ya mutu. In an bar batir ya daɗe ba caji, sai wani fari-fari ya fito wa farantin kamar kanwa, ko ka kwana kana ɗura masa wuta ba zai karɓa ba. Kuma ba ka gane lafiyar faranti da ido haka kawai, don duk a dagule yake fitowa. Sai ka wanke shi.

Wankin nan shi ne rabin sana'ar. Ba a yi da ruwan rijiya, ba a yi da na famfo, ba a yi da wanda ya gangaro daga kwanon rufi, don tsatsa kaɗan ta isa ta sa batir ya riƙa shanye wutarsa da kansa. Ruwan sama muke tara a bahon roba a tsakar fili, bayan an yi ruwa biyu ko uku sama ta wanku, mu tace da farin ƙyalle mu ɗura a jarkoki, shi za mu yi ta lallaɓawa har wata damina. Kullum akwai baho ɗaya a gefen ƙafata. Duk farantin da ya fito, cikinsa yake fara shiga. Hannuna ya saba har ba sai na yi tunani ba.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Murhun gawayi, ludayin ƙarfe na narka dalma, ɗan mazubin ƙera kan batir, zarto, filaya, da ma'aunin ruwa, wata doguwar kwalba mai roba a kai da ke zuƙo ruwan batir ta nuna maka ƙarfinsa. Sai caja wadda Baba Lasisi ya naɗa wayarta da hannunsa, ya bar mini ita da zai koma garinsu. Hayaƙin dalma kuwa ba a faɗa. Ka wuni a kansa, ka tashi bakinka na ɗanɗanon ƙusa, cikinka na murɗa. Nono muke sha wai yana wankewa. Ban sani ba ko yana wankewa, mu dai muna sha.

Akwai wani ladan daga 'Yankuzo da ke kawo batirin lasifikar masallacinsu ranar kasuwar Tsafe, a ɗaure a bayan keke har tasha, sannan a sa masa a mota. Sau uku ina canza masa faranti a ɗaki guda. A na huɗu na ce, "Malam, me kuke zuba masa in ya sha ruwa?" Ya ce ruwan randar masallaci, ai mai tsarki ne. Na ce tsarkin alwala daban, na batir daban. Irin mutanen da muke yi wa aiki ke nan: direbobin tasha, masu injin niƙa, masu talabijin baƙi da fari a Mada da Bunguɗu waɗanda ke tara unguwa a ƙofar gida. Kowa batirinsa ɗaya ne, in ya mutu kuma ba shi da wani.

A ƙarshen mulkin soja abin ya taɓarɓare. Mai ya yi wuya, mota ta kwana uku a layi ba a tayar da ita ba, batir ya yi sanyi. Wutar lantarki ta zo da rana tsaka kamar za ta fasa ƙwan fitila, ta ɗauke kafin ka ɗaura waya. Sabon batir ya fi ƙarfin direba, sai kowa ya kwaso gawarsa ya kawo mini. Nakan fasa matattu uku in tsinci faranti masu sauran rai in tayar da guda. Aiki ya yi yawa, jiki ya mutu, abin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba. Amma sunana ya tafi. A tasha in batir ya gagara sai ka ji an ce, "Kai wa Sahabi, ko ya mutu zai yi magana." Ina jin daɗin maganar nan, ba zan ɓoye muku ba. Ita ce ta kai ni ta baro.

A cikin wannan shekarar, da bazara, zafi kamar ya dafa mutum, wani saurayi ya shigo rumfata da jaka a rataye. Sunansa Lawali, ɗan Rawayya ne, na san shi sama-sama don yakan raka batirin wani mai shago. Ya gaishe ni ya tsuguna, ya buɗe jakar a hankali, ya fito da kyamarar bidiyo 'yar ƙarama, ta hannu, wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje. Sannan ya ciro batirinta daga baya ya ɗora a tafin hannuna. Bai kai sabulun wanka girma ba, kuma ba nauyi.

Ya ce, "Malam Sahabi, wanga abu ya ƙi ɗaukar caji. Kwana huɗu ke nan ina sa shi a cajarsa, ko fitilar ba ta kamawa."

Na ce a ina ya samo. Sai ya ba ni labari. Bayan kaka ya shawo kan mahaifinsa, Malam Bawa, aka kai shanun huɗarsu guda biyu kasuwa aka sayar, ya je Kano ya sayo kyamarar. Lissafinsa shi ne ya yi ta ɗaukar biki da suna da saukar karatu duk rani, kafin ruwa ya sauka ya mayar wa tsoho da shanunsa, kyamara kuma ta zama riba. Ya fara samu, har an san shi a Bunguɗu. Yanzu ga bukukuwa uku a gabansa, ɗaya a Tsafe ranar Asabar, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya ce, "In ban yi aikin ga ba, bana da hannu Baba zai yi huɗa. Kuma ka san shekarunsa."

Na juya batirin. Babu murfin zuba ruwa, babu kan dalma, sai wasu 'yan ƙarafa ƙanana da rubutun Turanci. Ban taɓa ganin irinsa ba. A kan bencin nan da kuke zaune akwai direbobi uku suna jiran nasu, duk sun miƙo wuya. Ɗayansu ya ce, "Yaro, kwantar da hankalinka, ka zo gidan."

Lawali ya ce, "Malam, ka taɓa buɗe irinsa? In babu hali, gobe sai in bi motar Kano."

Kalma huɗu ce ta kamata in faɗa, ban san shi ba, shi ke nan. Sai na ji bakina ya ce, "Batir batir ne. Zauna."

Na sa wuƙa na raba robar. A ciki akwai ƙwayoyi biyu, irin waɗannan da kuka zube, sai wani ɗan koren allo mai ƙananan abubuwa a jiki. A ilimina babu allo a cikin batir, saboda haka na ce shi ne munafukin da ke tare wuta. Na sa filaya na cire shi na ajiye a gefen murhu. Na ɗaura ƙwayoyin a cajar Baba Lasisi, na sa ƙwan fitilar mota a tsakani don wutar ta ragu, wai ni mai hankali. Muka yi sallar azahar muka dawo, na taɓa su na ji sun yi ɗumi. Na mayar da allon, na liƙa, muka sa a kyamara. Ko motsi ba ta yi ba.

A sana'armu, batirin da ya karɓi wuta ya kasa aiki, ɗayan biyu ne: ko ya bushe, ko farantinsa ya yi kanwa. Na sake raba shi, na kai ƙwaya ɗaya kunne na girgiza. Ban ji ruwa ba. Na ce wa direbobin, "Kun ji ko? Ƙishirwa ke damunsa." Suka yi dariya. Lawali bai yi ba, yana dai kallon hannuna.

Na ɗaure ƙwayar na bi wuyanta da zarto a hankali, yadda nake yanke kwalta, har hular ta fita. Wani ƙamshi ya taso mai zaƙi-zaƙi, ba irin warin ruwan batir ba. Na zaro cikin, sai ga shi a naɗe kamar tabarma. Na fara warwarewa. Wallahi sai da na ji daɗi, don maganar maigidana ce a gabana. Ga faranti biyu, sai dai ba raga ba ne, dogayen falle ne siraran gaske. Ɗaya farin ƙarfe ne an shafe shi da baƙin ƙulli. Ɗayan jan ƙarfe ne, shafen jikinsa yana ƙyalli ruwan zinari. Ga farar leda a tsakani tana hana su haɗuwa, ga ɗan danshi wanda shi ne ruwan. Na ɗaga na nuna musu, na ce, "Ja, fari, takarda. Me na gaya muku?"

Abin da ban sani ba, wannan launin zinarin alama ce falle ya ƙoshi da wuta har wuya, ni na ɗura masa da hannuna. Kuma abin da ke zaune a cikin shafen nan ba dalma ba ce. Dalma malalaciya ce, ka jiƙa ta, ka bar ta a iska, ba ruwanta. Wannan kuwa ba ya shiri da iska, ruwa kuma abokin gabarsa ne. Ina riƙe da shi na ji yana ɗumi a yatsuna, zinarin yana dusashewa yana komawa baƙi. Na ce a raina datti ne. Hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin, ya tsoma shi a bahon ruwan sama.

Ruwan ya yi tsuwa, ya tafasa, sai wuta a kan ruwa. Ledar ta narke ta manne mini a yatsu. Na yarfe hannu, gwiwar hannuna ta bugi teburin, ɗaya ƙwayar da koren allon suka gangara cikin garwashi. Direbobin suka watse. Wani ya ja ni baya ta wuyan riga, sai ƙwayar ta fashe, ta watsa gawayi har bakin titi. Da hayaƙin ya lafa, na ga Lawali a tsugune yana tona toka da tsinke. Ya ciro allon ya zama gawayi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, mu je a duba hannunka." Shi ya riƙe ni har wurin mai magani.

Ga yatsun nan, biyu ba sa lanƙwasawa, kun sha gani kuna tsammanin dalma ce. Wata biyu ban riƙe ludayi ba. Wannan duk mai sauƙi ne.

Lawali ya tafi Kano da kyamara da cajarta. Bayan kwana shida ya biyo ta rumfata, ya rame, ya zauna a nan. Ya ce ya zaga duk inda aka kwatanta masa, babu irin batirin, sai an aika Legas, kuma ba a san ranar zuwansa ba. Kyamarar ba ta yarda da baƙon batir, sai ta ji wannan koren allon sannan take tashi, don haka dabarar ɗaura mata wani ma ba ta yi ba. Na ce to cajar fa? Ya kawar da kai. Sannan ya ce wani mai gyaran rediyo a can ya buɗe ta, ya tarar fis ne ya ƙone, irin wanda wuta ke ƙonawa in ta zo da ƙarfi. Ya canza shi kafin a gama shan shayi. Batirin lafiyarsa lau tun farko.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona. Na ce zan nemi abin da zan haɗa masa. Ya ce, "Bari, Malam. Kai ma ga hannunka, ga iyali." Bikin Tsafe wani daga nan Gusau ne ya ɗauka, sauran biyun ma haka. Daga baya na ji ya sayar da kyamarar ba batir, abin da aka ba shi ko ɗan maraƙi bai saya ba.

Ruwa ya sauka. Da hannuna ya fara warkewa, wani mai injin niƙa a Rawayya ya aiko in zo in duba masa batir, don ya yi nauyin ɗauka. Na so in ƙi, amma gida babu hatsi. Na hau mota na sauka a bakin hanya, na bi ta gonaki da safe. Ko'ina shanu ne ke jan garma, ƙasa na juyewa baƙa. Sai na iso wata gona babba wadda ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a huɗe ba. Mutum biyu ne a ciki da garmar hannu, a duƙe. Na gane Lawali tun daga nesa. Na so in wuce, ya riga ya gan ni.

Tsohon ya ɗago a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, sai da ya yi kamar sau biyu kafin bayansa ya miƙe. Dogo ne, gemunsa fari fat, ƙafafunsa duk laka. Lawali ya ce, "Baba, wanga shi ne Malam Sahabi mai batir."

Malam Bawa ya saki garmar ya kama hannuna mai ciwon da hannuwansa biyu, yana juya shi yana dubawa. Ya ce, "Ashe kai ne. Sannu, bawan Allah, sannu. Yaron ga ya gaya mini duka. Ya ce mutanen Kano ruɓaɓɓen batir suka sayar masa, kai kuma ka tsaya kai da fata sai ka tayar da shi, har wuta ta ci hannunka. Wanda bai haɗa komai da kai ba ya yi maka haka, ai sai addu'a. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka sana'arka."

Na dubi Lawali. Ya sunkuyar da kai yana kankare laka daga bakin garma.

Na buɗe baki. Ga maganar nan a kan harshena, in ce Baba ba haka aka yi ba, ni na kashe batirin da jahilcina, ni na sa ka duƙe a nan. Sai na ji na ce, "Amin, Baba."

Ya ce in jira. Ya taka zuwa gindin wata bishiya inda suka ajiye goran ruwa, ya ɗauko wata 'yar ƙwarya da ƙwan zabi a ciki, waɗanda ya tsinta a bakin gona da safen nan. Ya juye mini su a hulata, ya ce a dafa mini, suna sa rauni ya cike da wuri. Na ce ya bar wa yara. Ya ce ai ba a mayar da hannun kyauta.

Na karɓa. Ya koma ya duƙa a kan kunyarsa, ni kuma na wuce wurin mai injin da hula a hannu. Bayan damina biyu Malam Bawa ya rasu, yana sa mini albarka duk lokacin da aka ambaci sunana, kuma ban taɓa komawa na gaya masa ba.